Kada Mai Bi Ya Bar Aiki Ba Tare Da Lissafi Ba

Hutu kyauta ce daga wurin Allah, marmarinsa kuma ba zunubi ba ne. Amma akwai hutun da ke jawo wa gida baƙin ciki, shi ne wanda mutum ya ɗauka tun bai yi tanadin ranar ciwo ba.

Ku dubi yadda abin yake a ƙasar Amurka. A can kuɗin magani yana da tsada ƙwarai, yawancin ma'aikata kuwa daga wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, watau yarjejeniyar da mutum ke biyan kuɗi kowane wata domin a ɗauke masa nauyin asibiti ran da ciwo ya zo. A shekarar 1965 hukuma ta kafa Medicare domin tsofaffi, amma yawancin mutane ba su shiga sai sun cika shekara 65. Wanda fa ya bar aiki yana da shekara 55, shekara 10 ke nan a gabansa. Doka ta yarje wa mutane da yawa su riƙe inshorar wurin aikinsu har wata 18, amma su za su biya kuɗin duka. Tun shekarar 2014 ba a hana mutum inshora saboda tsohon ciwo, duk da haka ana iya sa wa dattijo kuɗi har ninki uku na saurayi. Domin wannan waɗansu sukan zauna haka nan, suna cewa Allah zai tsare.

Hakika Allah mai tsarewa ne. Amma ku tuna, sa'an da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu Yesu bisa kan haikali domin ya faɗo, Ubangiji ya ƙi, gama dogara ga Allah daban, gwada Allah daban. A cikin Luka sura 14 ya kawo misalin mai gina hasumiya, wanda ya wajaba ya zauna tukuna ya lissafta abin da zai kashe. Yusufu ma ya tara hatsi shekara 7 a Masar, ba don rashin bangaskiya ba.

Saboda haka, kafin ka ajiye aiki, ka tambayi kanka abu uku. Shekara nawa suka rage kafin taimakon hukuma ya iso gare ka? Ajiyarka za ta ishi kuɗin inshora dukan waɗannan shekaru? In ciwo ya kwantar da kai, wa zai ɗauki bashin, kai ko matarka da 'ya'yanka? Manzo Bulus ya tsauta wa wanda ba ya lura da mutanen gidansa.

Amma kada tsoro ya maishe ka bawan albashi. Mawadacin nan na Luka sura 12 ya cika rumbunansa, a daren nan kuwa aka nemi ransa. Idan aiki yana cin lafiyarka, ko iyayenka tsofaffi suna bukatarka, kuma lissafi ya nuna akwai hanya, ka sauka da godiya. Idan babu hanya tukuna, ka yi haƙuri, ko kuwa ka nemi aiki mai sauƙi wanda ke da inshora.

Ka yi addu'a, ka yi shawara da matarka da dattawan ikkilisiya, sa'an nan ka yanke magana. Allah ya ba mu hikima. Amin.