Fure da Ƙishirwar Maƙwabci

Daga watan Maris zuwa Mayu, a Birnin Kudu da Gwaram, rana takan ƙwalle, rijiyoyi su ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka. Duk da haka a wannan bazara ce mangwaro ke nuna, itatuwa su soma toho tun ruwan farko bai sauka ba. A bayan gida kuwa ɗan lambun alayyafo da tattasai da yakuwa, da furanni a gefensa, yana jiran ban ruwa safe da yamma.

Ga tambayar da ke gabanmu. Ya dace mutum ya zuba ruwa a gindin fure, abin da ba a ci, alhali 'ya'yan maƙwabcinsa suna layi a bakin famfo tun asuba?

Waliyyi Agustin, bishop na Hippo wanda ya rasu a shekarar 430, ya koyar cewa nagarta ita ce ƙaunar kowane abu gwargwadon matsayinsa. Ashe son fure ba laifi ba ne, sai in an sa shi gaba da mutum. Marigayi Paparoma Francis ma, cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya nuna cewa ruwan sha mai tsabta haƙƙin kowane ɗan Adam ne. Saboda haka mai rijiya a gida amana aka ba shi. In ya kulle ƙofa, lambunsa kore shar, tulun maƙwabci a bushe, ya zama gugan da ya hana abin da rijiya ta bayar.

Amma kada wani ya ce to a tumɓuke furen. Wanda ya halicci dawa shi ya halicci fure, kuma kabewa ba ta ɗaure 'ya'ya sai ƙudan zuma ya ziyarci furenta. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya ishi gindin fure. In aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka, aka yi ban ruwa da yamma, damshi yakan daɗe.

Bari mu kiyaye wannan tsari: mutum ya fara sha, sai dabba, sai kayan miya, sa'an nan fure. Wanda ya bi shi zai kai damina da lambunsa da maƙwabcinsa duka. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.