Ku Tsare Ma'auni, Ma'aikatan Ɗakin Hoto

Ya ku 'yan'uwa masu ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a asibitocin Gwarzo da Kabo. Ɗan acaɓan da ya karye a hanyar Kano, da dattijon da tari ya ƙi saki, da yaron da ya faɗo daga kan mangwaro, duk sai sun bi ta hannunku kafin likita ya yanke magana.

Hasken da kuke aiki da shi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano ranar 8 ga Nuwamba, 1895, ido ba ya ganinsa, fata ba ta jinsa. Na'urar awo kaɗai ke faɗa muku yawansa, ita kuwa tana gocewa. Ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar lantarki mai hawa da sauka, kowanne yana taɓa ta. Idan hasken ya gaza, hoto ya lalace, sai a maimaita, majiyyaci ya sha ninki biyu. Idan ya yi yawa, injinan zamani masu kwamfuta za su fitar da hoto tas, alhali jikin bawan Allah ya kwashi abin da bai kamata ba. Addininmu ya tsananta a kan tauye mudu a kasuwa, to ina ga mudun da ake auna lafiyar mutum da shi?

Kuna da gata, kuma doka tana bayanku. Hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001 domin sa ido a kan irin waɗannan injina. Cibiyarta da ke Jami'ar Ibadan tana daidaita na'urorin awo, ga kuma cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa a Zariya. Ƙa'idar duniya ta ƙayyade wa ma'aikaci milisiba 20 na wannan haske a shekara, a matsakaicin shekaru 5.

Don haka ku maƙala bajon awonku kullum, ku tura shi a karanta a kan kari. Ku sa rigar darma. Ku rubuta sakamakon kowane gwaji a littafi. Idan wa'adin duba inji ya yi, ku kai wa shugabannin asibiti takarda, ku bi ta har sai injiniya ya zo. Wannan haƙƙinku ne, kuma haƙƙin majiyyaci ne.

Manomin da ya kwanta a teburinku bai san awo ba, ku ya amince wa. Ku riƙe amanar da ƙarfinku. Allah Ya tsare lafiyarku, Ya sa wa aikinku albarka.