Bashin Haraji da Matsayinsa a Addini

Bashin haraji shi ne kuɗin da doka ta ɗora wa mutum ko kamfani ya biya hukuma, wa'adi ya wuce bai biya ba. A Najeriya manyan masu bin wannan bashi biyu ne. Gwamnatin tarayya ce ke karɓar harajin ribar kamfanoni da harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020. Jihohi kuwa su ke karɓar harajin abin da ɗaiɗaikun mutane ke samu, har da wanda ake cirewa daga albashi. Saboda haka mai kamfani guda yana iya wayar gari tarayya na bin sa, jiharsa ma na bin sa. Kuma bashin ba ya tsayawa wuri ɗaya: ana ɗora masa tara ta kashi 10 cikin 100, kuɗin ruwa na hawa kansa, hukuma kuma tana iya komawa baya shekara 6 ta binciki littattafai, ko fiye da haka idan ta gano an yi algus da gangan.

Bahaushe ba ya wasa da bashi. A wurin jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa, domin an san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa ƙin yi wa wani mamaci salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashinsa. Amma attajirin da ba ya iya barci idan maƙwabci na bin sa naira dubu goma, sau da yawa shi ne ke barci har da minshari da bashin haraji na miliyoyi a wuyansa. A zuciyarsa wannan ba bashi ba ne. Bai ranta ba, bai sa hannu ba, bai ga fuskar mai bin sa ba.

Wannan tunani yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari a jerin zaluncin sarakunan Haɓe. A zamanin Turawa da mulkin En'e, talaka ya san haraji da bulala da gudun hijira daga ƙauye idan lokacin biya ya zo, abin da ya ba jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ƙarfi a zukatan jama'a. Da gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke wancan haraji da jangali a 1979, murna aka yi kamar ranar salla. A littattafan hadisi ma akwai tsawatarwa mai tsanani a kan mai karɓar makasu, wato kuɗin da ake ƙwata daga 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba. Daga nan wasu malamai suka tsaya a kan cewa bayan zakka hukuma ba ta da haƙƙi a dukiyar Musulmi.

Sai dai manyan malaman usulu ba su rufe ƙofar ba. Juwaini da almajirinsa Gazali, da kuma Shaɗibi, Bamalikin Andalus wanda ya rasu a 1388, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu idan baitulmali ya ƙare kuma buƙatar jama'a ta tabbata. Sun gindaya sharuɗɗa: buƙatar ta zama ta gaske, a raba nauyin da adalci, a kashe kuɗin a inda aka ce. Da Sarki Ƙuɗuz na Masar ya so tara kuɗin yaƙi da Tattar a 1260, malami Izzu ɗan Abdussalam ya ce masa sai an fara kwashe abin da ke baitulmali, fadawa kuma sun sayar da kayan adonsu na zinariya, sannan a taɓa aljihun talaka. Fatawar ta yarda da haraji, ta kuma ce masu mulki ne za su fara biya. A wajen Kirista maganar ta fi gajarta, domin a Linjilar Matta da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa an umarci a ba hukuma abin da yake nata, alhali hukumar Rum ta wancan zamani ba ta adalci ba ce.

A nan ne mai bashi ke kafa hujjarsa mafi ƙarfi: sharuɗɗan nan ba su cika ba. Shi ya haƙa rijiyar burtsatse, shi ke sayen man janareta, shi ke biyan mai gadi, sannan yana jin labarin biliyoyin da ke salwanta a hannun jami'ai. Koke ne na gaskiya. Amma kafin a auna shi dole a rarrabe bashin, domin ba abu ɗaya ba ne.

Wani kaso nasa tun farko ba dukiyar mai bashin ba ce. Harajin VAT mai saye ne ya biya shi a kan kanta. Harajin albashi daga gumin ma'aikaci aka cire shi. Mai kamfani ɗan aike ne kawai, an ba shi ya miƙa. Idan ya riƙe kuɗin ya juya su a kasuwa, to ya ci amanar wanda ya ba shi, kuma ko da a ce harajin zalunci ne daga tushe, wanda aka zalunta shi ne mai saye da ma'aikaci, ba shi ba. Babu mazhabar da ta halatta wa ɗan aike ya cinye saƙo don yana zargin wanda za a kai wa. Ma'aikacin da aka yanke wa albashi shekara biyar, ya je neman takardar shaidar biyan haraji aka ce babu sunansa, an cuce shi sau biyu. Wannan kaso ya kamata a fara saukewa, ko da sai an sayar da fili ko mota.

Kaso na biyu, wato haraji a kan ribar mutum ta kansa, shi ne wurin saɓani. Ra'ayin da ya fi nauyi shi ne cewa mai bin wannan kuɗi jama'a ce. Jami'in da ke zaune a ofis wakili ne, yau yana nan gobe an sauya shi. Idan attajiri ya ɓoye, ba ɓarawon gwamnati ne ke jin jiki ba. Malamin firamare da ma'aikacin jinya, waɗanda ake cire nasu kafin albashi ya shigo hannu, su ke ɗaukar nauyin su kaɗai. Wanda yake ganin an yi masa ƙiyasin da ya wuce gaskiya yana da hanya a fili: ya rubuta ƙin amincewa, ya je kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ya haɗa kai da ƙungiyar 'yan kasuwarsu su tambayi inda kuɗi ke tafiya. Abin da ba shi da shi shi ne izinin ajiye littafi biyu, ko rantsuwa a kan lissafin ƙarya, ko miƙa wa jami'i na goro don a yayyage takarda. Ƙarya da cin hanci haramun ne ko da harajin kansa yana da ayar tambaya.

Zakka ba ta maye gurbin haraji, haka haraji ba ya maye gurbin zakka, domin Alƙur'ani ya ƙayyade mata masu karɓa takwas, tana kuma buƙatar niyya. Kuɗin ruwan da ake ɗorawa kuwa yana damun mai tsoron Allah, kuma da gaskiyarsa, tunda ƙari ne a kan bashi saboda jinkiri. Malamai na sassauta wa wanda aka tilasta ya biya, amma wanda ke da halin biya ya yi ta jan ƙafa har ruwan ya taru, shi ya kai kansa. Hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Rufe shagon wanda gobara ko faɗuwar naira ta karya ba ya kawo wa baitulmali ko kwabo, sai ƙarin marasa aiki. Shirin VAIDS, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya gwada wata hanya: mai bashin shekarun 2011 zuwa 2016 ya fito ya bayyana da kansa, a yafe masa tara da kuɗin ruwa, a ba shi damar biya kaɗan-kaɗan, ba tare da gurfanarwa ba. An rufe shirin a ƙarshen Yunin 2018. Tsarinsa ya yi kama da abin da malamai ke faɗa game da tuba daga haƙƙin mutane: a amsa laifi, a daina, a mayar da abin da aka riƙe. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mai bashin da ya je da ƙafarsa da lissafi na gaskiya ya fi samun sassauci a kan wanda aka kamo.

Saura maganar mutuwa, wadda aka fi mantawa da ita. A Suratun Nisa'i rabon gado yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Mutumin da ya bar kamfani da bashin shekaru a ɓoye ya bar wa marayunsa da matansa rigimar da ba su san mafarinta ba, wataƙila bayan an raba dukiya an kashe. Wajibi ne mai irin wannan bashi ya rubuta adadinsa, ya ware abin da yake amana daga abin da yake jayayya a kai, ya sanar da wanda zai tsaya a kan dukiyarsa, kuma ya fara biya tun yana da rai.