Shari'ar Da Ta Bayar, Ita Ta Karɓe

Cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle akwai wani da a ke kira jifan guduma. Sunan yana da ruɗi, gama ba gudumar maƙera ba ce. Curin ƙarfe ne mai nauyin laba 16, watau kilo 7 da kwata, an ɗaura masa waya da mariƙi, tsawonsu duka bai cika ƙafa 4 ba. Mai jifa ya kan tsaya cikin wani zagaye mai faɗin ƙafa 7, ya kaɗa ƙarfen bisa kansa, sa'an nan ya yi ta juyawa da shi kamar katantanwa, sau uku ko huɗu, ya sake shi. In ƙafarsa ta fita daga zagayen kafin ƙarfen ya sauka, jifan ya ɓaci. Manyan gwanaye su kan wuce mita 80.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ai wasa ne wanda ba shi da wurin gardama, tun da igiyar awo ita ce alƙali. Amma labarin Koji Murofushi, mutumin Japan, ya nuna akwai shari'ar da igiya ba ta iya yankewa.

An haifi Koji cikin 1974. Ubansa, Shigenobu Murofushi, shi ya ci jifan guduma a babban wasan ƙasashen Asiya sau 5 a jere, daga 1970 zuwa 1986. Uwarsa kuwa mutuniyar Rumaniya ce, gwanar jifan mashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cikin 1998 yaron ya wuce iyakar jifan ubansa, wanda a lokacin ba a taɓa wuce shi ba a Japan. Ya yi shekara 20 yana zakaran ƙasarsa, daga 1995 zuwa 2014. Ba shi da ƙiba kamar yawancin abokan karawarsa, da saurin juyi da iya taku ya ke cin su.

Ran 22 ga Agusta 2004, aka yi karon ƙarshe na wasannin Olimfik a birnin Atina ta ƙasar Girka. Murofushi ya jefa mita 82.91. Wani mutumin Hangari, Adrian Annus, ya jefa 83.19. Tsakaninsu bai kai ƙafa guda ba. Aka rataya wa Annus lambar zinariya, aka kaɗa taken Hangari, Murofushi yana tsaye a gefe da ta azurfa.

To, a irin waɗannan wasanni an hana shan magungunan ƙara ƙarfi, don haka a kan karɓi fitsarin waɗanda suka ci a auna. Da aka gwada fitsarin da Annus ya bayar a lokatai biyu, sai aka ga alamar ba na mutum ɗaya ba ne. Aka neme shi ya sake bayarwa, bai zo ba, ya riga ya koma gida. Ran 29 ga wata, ranar rufe wasa, hukumar Olimfik ta soke cinsa, ta ce zinariya ta Murofushi ce.

Jama'a da yawa suka ce madalla, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Gaskiya ne, kaya sun komo. Amma duka suka komo? Lambar ƙarfe ce, ana iya miƙa ta kowace rana. Abin da ba ya komowa shi ne daren nan da filin ya cika maƙil, aka ɗaga tutar wani bisa tasa, aka kaɗa taken wani. Wanda aka sace wa rago ran jajibere, aka mayar masa bayan salla da mako guda, an biya shi rago, amma layya ta wuce. Duk alƙalin da ya mayar da haƙƙi a makare, ya kamata ya san saura na nan wanda ba shi da ikon biya.

Wannan shi ne sashe mai sauƙi na labarin, domin an san wanda ya ƙi amsa kira, an san wanda aka ƙwara. Mai wuyar yana gaba.

Cikin 2008 aka yi Olimfik a Bejin ta ƙasar Sin. Murofushi ya jefa mita 80.71, ya zo na biyar. Na biyu da na uku mutanen Belarus ne, Vadim Devyatovskiy da Ivan Tsikhan. Ɗakin awo ya ce ya sami maganin ƙara ƙarfi a fitsarinsu. Cikin Disamba hukuma ta soke cinsu. Krisztian Pars na Hangari, wanda ya zo na huɗu, ya hau na biyu, Murofushi ya hau na uku, lambar tagulla ta zama tasa. Mutanen biyu suka ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Lozan, ƙasar Suwizalan. Cikin Yuni 2010 kotu ta ce ɗakin awon bai bi ƙa'idar awo yadda aka shimfiɗa ta ba, saboda haka ba za a kafa hukunci bisa abin da ya samu ba. Ta kuma bayyana cewa wannan ba wanke su ta yi ba. Duk da haka aka mayar musu da lambobinsu. Murofushi ya koma na biyar.

Shari'a saɓanin hankali! Ga kotu ba ta ce mutane ba su da laifi ba, ga shi kuma ta sallame su da kaya. Wanda ya bi doka sau da ƙafa shi ya tashi hannu banza. Mai zafin zuciya sai ya ce wannan zalunci ne tsantsa, kuma ba za a ga laifinsa ba ƙwarai, balle da ya ke cikin 2012 an sake auna tsohon fitsarin Tsikhan na Atina da sababbin na'urori, aka same shi da laifi, aka soke lambar da ya samu a can.

Amma a dakata a duba. Da me aka ba Murofushi zinariya cikin 2004? Ba don an san halinsa ba ne, ko don mutuncin ubansa. Ƙa'ida ce ta ce wanda aka nema bai zo ba ya rasa cinsa, aka bi ta ba sani ba sabo. Ƙa'idodin nan kuwa a littafi ɗaya su ke da wadda ta ce ɗakin awo ya yi aikinsa kaza da kaza, in ya kauce a zubar da shaidarsa. Ba dama mutum ya rungumi shafin da ya ba shi, ya yage wanda ya hana shi. Ɗan kasuwan da ya yarda da mudu sa'ad da ya ke saye, ba shi da bakin ƙinsa sa'ad da ya ke sayarwa.

Har ila yau, ƙa'idar da ta kuɓutar da mutanen Belarus ita ce garkuwar Murofushi kansa. Shi ma shekara da shekaru yana ba da fitsari ana kaiwa ɗakunan da bai taɓa shiga ba, hannun mutanen da bai sani ba. Da an ce kuskuren ma'aikacin awo ba kome ba ne, da wata rana kwalba ɗaya da aka yi sakaci da ita ta isa ta rushe masa aikin shekara ashirin, ba kuwa inda zai kai kuka. Abin da aka gano game da Tsikhan na 2004 ne, bai zama shaida a kan 2008 ba, ko da zuciya ta so ta haɗa su. Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Sai dai kada a ɓoye tsadar abin. Doka da ta tsaya kan tabbaci za ta riƙa sakin waɗansu masu laifi, kuma ba alƙali ke biyan hasarar ba, ba ma'aikacin awon da ya yi sakaci ba. Mutum irin Murofushi ke biya, da Pars wanda azurfa ta kuɓuce masa. Alhakin nan yana wuyan masu awo, gama su aka ba amana suka riƙe ta da sakaci, kotu kuwa abin da aka kawo mata ta duba.

Murofushi bai bar fage ba. Cikin 2011, yana da shekara 36, lokacin da yawancin tsararsa sun ajiye guduma, ya ci gasar duniya a birnin Degu na Koriya ta Kudu da jifan mita 81.24. Pars ne ya bi masa, santimita 6 kaɗai tsakaninsu. Da shekara ta kewayo aka taru a Landan don Olimfik na 2012. Pars ya ɗauki zinariya, Primoz Kozmus na Sulobeniya, zakaran Bejin, ya ɗauki azurfa. Murofushi ya jefa mita 78.71, ya zo na uku, aka rataya masa tagulla a cikin fili, gaban jama'a.