Hannun Jari A Ma'aunin Shari'a

Ya ke 'yar'uwa Bakatsiniya, kafin ki zuba kuɗin adashinki ko gadonki, ki san me kike saya. Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani: a ci riba da ke, a yi asara da ke, kamar yadda farashi ya karye a 2008. Asusun haɗaka kuwa, jama'a ke tara kuɗi ƙwararru su juya, kusan irin ƙiradin Nana Khadija (RA). Amma fa jarin giya, caca ko kuɗin ruwa haramun ne. Duk wanda ya ce miki babu asara, guje shi. Ki tambayi malamai, kuma kada ki manta zakka. Allah Ya ciyar da mu halal, amin.