Saddu Zari'a da Toshe Intanet

Tambayar ko ya halatta hukuma ta toshe intanet tana komawa ga wata tsohuwar ƙa'ida ta fiƙihu, saddu zari'a, wato hana abin da asalinsa halal ne saboda yana kaiwa ga ɓarna. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, tana cikin waɗanda suka fi riƙo da ita. Amma kafin a ɗora toshewa a wannan ma'auni sai an san inda hukuma ke sa hannu, domin toshewar iri-iri ce.

Saƙon da ya bar waya yakan bi iska zuwa turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya shiga wayar fayiba da aka binne a gefen titi. Tun kafin ya tashi an yayyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure ɗauke da lambar inda za shi, na'urorin da ake kira rauta suna miƙa wa juna har ya isa. Idan ƙetare za shi, a Nijeriya galibi ta Legas yake bi, inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne, Glo-1 da WACS suka fito tudu. Nijar, da ba ta da teku, ta dogara da layukan maƙwabtanta.

Ko'ina a kan wannan hanya ana iya datsewa. Mafi sauƙi shi ne a umarci kamfanoni su hana DNS, tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambarsa, ba da amsa kan shafi guda. Sauran intanet na nan, kuma mai VPN yakan tsallake. Akwai na'urorin da ke duba abin da ke wucewa su tace shi, fannin da China ta yi fice a kai. Mafi tsanani shi ne abin da Masar ta yi a ƙarshen Janairun 2011, da kamfanoni suka janye sanarwar hanyoyinsu, ƙasar ta kusan ɓacewa daga intanet na wajen kwana biyar. Ko kuma a kashe turakun baki ɗaya, kira da data su tafi tare.

Shihabuddin Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kasa hanyoyin ɓarna kashi uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai waɗanda aka haɗu kan toshe su, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a. Akwai waɗanda aka haɗu kan barin su, kamar noman inabi, wanda babu mai hana shi don tsoron a yi giya. Na uku su ne na saɓani. Abin da ke raba su shi ne yawan kaiwarsu ga ɓarna, da kuma asarar da hanin zai jawo. Shafin da aka gina don damfara ko cinikin hotunan lalata da yara rijiya ce a kan hanya. Turken sadarwa kuwa ya fi kusa da gonar inabi, tunda yawancin masu amfani da shi gaisuwa, ciniki da neman magani suke yi.

Hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kawowa don katse layi a Arewa ita ce ta Zamfara. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe turakunsu a jihar, domin 'yan bindiga da waya suke jin motsin jami'an tsaro daga masu kai musu rahoto, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. Kare rai yana gaba da kare dukiya, wannan babu gardama. Sai dai mai POS ya rufe rumfarsa, mai son tura kuɗi sai ya shiga mota ya fita jihar neman sabis, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ya rasa abin kiran ɗauki. Mako biyu aka ce da farko, aka wuce haka nesa. Larura a fiƙihu gwargwadonta ake auna ta, saboda haka wanda ya rufe shi ke da nauyin nuna cewa rufewar na rage kisan, kuma babu wata hanya mai sauƙin cuta.

Dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 matsalarta daban ce. Ta zo kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ko da yake gwamnati da haɗin kan ƙasa ta kafa hujja. Haka a Nijar aka katse intanet na wayar hannu a Fabrairun 2021 lokacin da ake zanga-zanga kan sakamakon zaɓe. A irin wannan hali mai ƙara shi ne alƙali, kuma maslahar da shari'a ta ɗora wa shugaba ta talakawa ce, ba ta kujerarsa ba. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatar da Twitter ya saɓa wa doka.

Tacewa ba ta kai rufewa cutarwa ba, amma tana taɓa wani hani, na bin diddigin asirin mutane, wanda ya zo a Suratul Hujurat. Malamin fiƙihu Almawardi, wanda ya rasu a 1058, ya iyakance ikon jami'in hisba ga ɓarnar da ta bayyana, ya keɓe abin da in ya auku ba ya gyaruwa, kamar amintaccen labari cewa ana shirin kashe wani. Bisa wannan, bin layin mutum guda da hujja da izinin alƙali yana da madogara, amma na'urar da ke duba saƙonnin kowa don ko za a dace da mai laifi ba ta shiga cikin abin da ya keɓe.