Kafin Hoto Ya Fito

Ba kasafai ake leƙa bayan allon kwamfuta ba sai ranar da hoto ya ƙi fitowa. Wanda ya juya allon ya sunkuya zai tarar da kafofi biyu ko uku, wani lokaci huɗu, a jere, kowace da siffarta. Akwai shuɗiya mai ramuka 15 a layi uku, da wurin ɗaure kusoshi dama da hagu. Akwai fara mai faɗi. Akwai siririyar nan da kowa ya saba gani a bayan talabijin da dikoda. Sai kuma wata da ke kama da ita har a rikita su, amma kusurwa ɗaya kawai aka yanke mata, ɗayar a miƙe take. Sunayensu VGA, DVI, HDMI da DisplayPort. Tsakanin ta fari da ta ƙarshe shekara 19 ne, kuma dukansu aiki guda aka yi su domin shi, wato ɗauko hoto daga cikin kwamfuta a kai shi fuskar allo. Hanyar da kowace take bi wajen isar da saƙon ita ce abin kallo.

Kamfanin IBM ne ya fito da VGA a 1987, tare da kwamfutocinsa samfurin PS/2. A lokacin allo mai doro ake yi, wanda a cikinsa wani siririn harshen lantarki yake share gilashi layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, ya koma ya sake. Saboda haka aka gina kebul ɗin a kan buƙatar wannan harshe. Waya ɗaya tana ɗauke da ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, kuma ƙarfin wutar da ke cikin kowace yana hawa da sauka gwargwadon hasken da ake so a wannan ɗigon. Wasu wayoyi biyu suna faɗa wa allo inda layi ya ƙare da inda shafi ya ƙare. Da an kunna kwamfuta, sai ta shiga zuba saƙo, ko allo yana karɓa da kyau ko ba ya karɓa. In kebul ya yi tsawo da yawa, rubutu ya yi inuwa. In allurar shuɗi ta lanƙwashe, allo duka ya koma rawaya. In ta kore ce, ya koma shunayya. Kwamfutar ba ta san abin da ke faruwa ba, tana nan tana zubawa. Daga baya, a 1994, ƙungiyar VESA ta samar da hanyar da allo zai faɗi sunansa da girman hoton da yake iya ɗauka, amma ko a nan tambayar ta tsaya a kan wane ne mai karɓa. Ba wanda ya tambayi lafiyar hanyar da ke tsakani.

DVI ta zo a 1999 ta mai da hoton lambobi, sifiri da ɗaya, waɗanda ba sa dusashewa sannu a hankali kamar na VGA. HDMI ta biyo baya a ƙarshen 2002, daga hannun kamfanonin kayan kallo irin su Sony, Panasonic, Philips, Toshiba da Hitachi. Salon aika hotonta na DVI ne, shi ya sa ɗan ƙaramin mahaɗi maras na'ura a ciki yake iya haɗa su. Abin da ta ƙara shi ne sauti, kuma wurin da ta cusa shi yana da ban sha'awa: ɗan giɓin nan da aka bari a ƙarshen kowane layi domin harshen lantarkin tsohon allo ya samu ya koma baya. Allon zamani ba shi da harshen da zai koma ko'ina, giɓin ya zama fili, aka zuba murya a ciki.

DisplayPort kuwa ƙungiyar VESA ce ta tsara ta a 2006, kuma ta fara bayyana a kasuwa wajen 2008. Kamfanonin kwamfuta ne suka fi tura ta, har da dalilin kuɗi, domin HDMI akwai kuɗin lasisi da ake biya a kan kowace na'ura. Allurai 20 ne a kanta. Hoto da sauti tana ɗaure su ƙulli-ƙulli, kamar yadda bayanai suke tafiya a intanet, ta raba su a kan layi ɗaya, ko biyu, ko huɗu. Sigar farko tana ɗaukar bit biliyan 10.8 a daƙiƙa guda, wato sifiri da ɗaya sau biliyan goma da ɗoriya. Sigar 1.2 ta ninka wannan zuwa 21.6, ta kuma ba da damar a jona allo da allo a jere daga kafa ɗaya. Sigar 2.0 ta 2019 ta kai 80. Tun 2014 ma saƙonta yana iya bi ta kafar USB-C, don haka mutane da yawa suna amfani da ita a ƙananan kwamfutocinsu ba tare da sun taɓa jin sunanta ba. A gefe, yawancin kawunan kebul ɗinta suna da 'yan ƙugiyoyi da ke kamawa. Sai an danna bayan kan kafin a zare, in ba haka ba a fizgo kafar gaba ɗaya.

Waɗannan alƙaluma su ne ake bugawa a jikin kwali. Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kai yana faruwa ne a cikin ɗan lokacin nan da allo yake baƙi bayan an soka kebul.

Ban da layukan hoto huɗu, DisplayPort tana da wata 'yar hanya ta gefe, mai tafiyar hawainiya in an gwada da su, bit miliyan ɗaya kacal a daƙiƙa. Ba ta ɗaukar hoto ko kaɗan. Amfaninta shi ne magana tana zuwa tana dawowa a cikinta. Da an soka kebul, allo yana ɗaga wuta a kan allura guda, alamar ga shi nan. Sai kwamfuta ta bi ta hanyar gefe ta tambaye shi layi nawa yake da su, wane gudu ne iyakarsa, wane girman hoto yake so. Ya ba da amsa. Har yanzu ba ta aika hoto ba, domin abin da allo yake iyawa daban, abin da kebul zai iya kaiwa daban. Haka Allah Ya halicci jan ƙarfe: saƙo mai sauri yana raunana a cikinsa gwargwadon nisa, kuma gwargwadon saurin, gwargwadon asarar. Ba injiniyan da ya isa ya soke wannan doka, sai dai ya san yadda zai zauna da ita.

To sai kwamfuta ta turo wani jerin sifiri da ɗaya wanda ba hoton komai ba ne, jeri ne da aka rubuta a cikin ƙa'idar tun farko, ita ta san shi, allo ya san shi. Tun da allo ya san abin da ya kamata ya iso, duk wata tawaya da ya gani ya san aikin hanya ce. Sai ya mayar da jawabi ta gefe: ƙara ƙarfin wuta, ko kaifafa farkon kowane bugu. Matakai huɗu ne ga kowane ɗaya. Kwamfuta ta gyara ta sake turowa. In sun daidaita, hoto ya fito. In an kai iyakar ƙarfi abin bai zauna ba, kwamfuta ba ta ci gaba da matsawa. Sauka take yi: daga biliyan 8.1 a kowane layi zuwa 5.4, zuwa 2.7, zuwa 1.62, in ta kama ma ta rage yawan layukan. Duk wannan yana ƙarewa kafin mutum ya janye hannunsa daga bayan allo. In kuma ana cikin aiki hanya ta taɓu, allo yana ɗan girgiza wutar allurar nan ta farko, sai a dakata a sake gwajin daga tushe.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan tsari tun kafin ya san kwamfuta. Mutum ya yi sallama a zaure da magana mai nauyi a bakinsa, ko neman aure ne, ko tunin bashi, ko labarin rasuwa, ko nasiha ga ƙanin da ya kauce. Ba ya farawa da ita. “Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya muka ji da zafi?” Amsar ma a rubuce take tun kafin a haife su su biyun: “Lafiya lau. Ba gajiya. Alhamdu lillahi. Lokacinsa ne.” Masu gaggawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, wai kalmomi ne da ba su ɗauke da labari, tun da mai ciwon kai ma lafiya lau zai ce. Gaskiya ne ba su ɗauke da labari, kuma a nan amfaninsu yake. Tun da an san abin da za a ce, kunne ya huta da bin ma'ana, ya koma auna sauran abubuwa: jinkirin da aka yi kafin amsa, muryar da ta yi ƙasa, “yaya naka iyalin” da aka saba mayarwa amma yau ba a mayar ba, idon da ya ƙi ɗagowa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Dattijo mai hankali kafin a gama gaisawa ya riga ya san ko yau za a sauke kayan duka, ko rabi, ko kuwa a sha ruwa a yi sallama a dawo jibi.

Abin da ya fi wuya a koya daga wannan na'ura shi ne wanda yake sauka. Kwamfutar ita ce mai ƙarfi, ita ke da hoton, ita ke da abin faɗa, amma ita ce take karɓar gyara daga allo, ita ce kuma take rage gudu. A tsakanin mutane sau da yawa akasin haka ake gani. Malamin da ya ƙoshi da ilimi ya zuba shi yadda ya ga dama, in ɗalibai ba su gane ba ya ce daƙiƙai ne. Uba ya kira ɗa ya yi masa faɗan awa guda, yaron bai ɗauki komai ba tun daga minti na biyar, shi kuwa uban ya tashi yana jin ya sauke nauyi. Maganarsu gaskiya ce, niyyarsu ma tagari ce. Abin da suka rasa ita ce 'yar hanyar gefen nan da amsa take dawowa ta cikinta. Kuma sau da yawa laifin ba na mai faɗa ba ne, ba na mai ji ba ne. Tsakaninsu ne aka samu rauni: yunwa, ko gajiya, ko tsohon ɓacin rai da ba a wanke ba, ko idon jama'a da aka yi maganar a gabansu. Allo lafiyayye da kwamfuta lafiyayya suna iya kasa fahimtar juna saboda kebul na araha.

Sabuwar kafar, DisplayPort, ba ta raina na gabanta ba. Yawancin kafofin DisplayPort da ke jikin kwamfuta, waɗanda ake yi wa alamar DP++, in suka ji an jona musu mahaɗin HDMI ko DVI, sai su ajiye nasu salon su koma magana da harshen tsofaffin. Ita ma HDMI, da ta zo sigar 2.1 a 2017 da gudun biliyan 48, ta ɗauki wannan ɗabi'a ta gwada hanya kafin a tura hoto, domin a irin wannan sauri ba a iya yi sai da ita.

Kada kuma a zalunci VGA. A watan Disamba na 2010 kamfanonin Intel da AMD da wasu manyan masu ƙera kwamfuta da allo suka sanar cewa za su daina tallafa mata zuwa 2015, amma har yau ga shuɗin kanta nan a shagunan buga takardu, da ofisoshi, da jikin majigin ɗakunan taro. Tana da wata baiwa da na bayanta ba su da ita: komai lalacewar hanya, tana kai wani abu. Hoto mai inuwa dai hoto ne, ana iya karanta wasiƙa a kansa. Na lambobi kuwa in abin ya wuce gyara, allo ya yi ta ƙiftawa ko ya yi baƙi ƙirin. Akwai mutane irin haka, marasa iya lafazi, waɗanda saƙonsu yake isowa a karkace amma yana isowa, kuma ana cin moriyarsu.

Saukar nan ta DisplayPort ma tana da nata tsadar, domin sau da yawa a ɓoye ake yin ta. A ɗauki allon 4K, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan. In ana so ya sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ana buƙatar kusan bit biliyan 12 na hoto zalla. Layi huɗu a gudun 5.4 sun ɗauke wannan. In kebul ya gaza aka sauka zuwa 2.7, abin da ya rage wa hoto zalla a layukan huɗu biliyan 8.64 ne, bai isa ba, sai a koma sau 30 ko a rage girman hoton. Allo yana nuna komai, ba wanda ya yi ƙara, mai shi yana ta aiki wata da watanni yana jin kibiyar linzami tana ɗan jan ƙafa bai san dalili ba. Haka zumunci yake zama in kullum ana rage magana don a zauna lafiya, ba a taɓa zama an duba abin da ya raunana tsakani ba. Ana gaisawa, ana halartar suna da biki, amma abin da ke wucewa tsakanin 'yan'uwan bai kai rabin abin da zukatansu za su iya ɗauka ba. Sassauci ya ceci ranar, gyaran hanya kuma aiki ne na daban da yake jiran wanda zai yi shi.

A wajen kwamfuta gyaran ba shi da wuya. A shiga saitin allo a duba sau nawa yake sabunta hoto, a gwada da abin da aka rubuta a takardarsa. In lambar ta gaza, kafin a zargi allo ko kwamfuta a fara da kebul: a samo gajere, a tabbata ya shige har ƙugiyarsa ta kama. A 2022 VESA ta fara tantance kebul masu babban gudu tana ba su alamar DP40 da DP80, lambar tana nuna biliyan nawa aka gwada aka ga suna iya kaiwa. Da an canza shi, kwamfuta da allo za su sake gwajinsu daga mataki na sama, kuma in hanya ta ɗauka, a can za su tsaya.